Ɗakin da Mansur Ya Ɓoye

Ƙanena Mansur ya bar duniya ba a taɓa jin ya kira sunan ɗiyarsa ta fari ba. Ko sau ɗaya. "Ke," yake ce mata, ko ya juya ga wani ya ce, "A gaya wa waccan ta kawo buta." Uwarta Batula kuwa har ta fi shi, don in yarinyar ta shigo ɗaki sai ta mai da ido ga tabarma. Alkunyar ɗan fari ke nan, gadonta munka yi, ni ma na yi wa nawa. Amma ni irin ta mutane na yi, ana yi ana ɗan sassautawa. Shi Mansur ɗaukarta ya yi kamar farilla. Mutum ya yi boko har ya zama malamin makaranta a Kebbe, shi ke koya wa ɗiyan mutane kwamfuta, amma a kan wannan magana ɗaya ya fi kakanmu tauri.

Sunan yarinyar Hafiza. Ni kam zan faɗa, ba ni na haife ta ba. A hannuna anka yaye ta, ta yi ƙuruciyarta wurina a Jabo kafin a maido ta gida saboda makaranta. Da ta yi wayo ta taɓa tare ni a bakin murhu ta ce, "Gwaggo Yelwa, mi na yi wa Baba?"

Na ce, "Ba ki yi mishi komai ba. Kunya ce."

Ta ce, "Kunya ce ke sa shi goya ƙanena Abdu a babur har makaranta, ni in bi su a ƙasa? Kunya ce ke sa in na gaishe shi ya amsa wa bango?"

Na ce eh, kunya ce. Ta dube ni kawai. Yaran yanzu ba su san wannan yare ba, abin da sunka gani da ido shi sunka sani. Ita dai ta riƙe a zuciyarta cewa ubanta ba ya son ta, kuma da wannan ta girma.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Na zo zaman makoki na kasa komawa Jabo, don Batula ta shiga takaba ga yara. Ana cikin haka sai ga labari Hafiza ta samu gurbin karatu a birni. Dangi sunka ce ta tafi da kwamfutar ubanta, wata tsohuwar laftof baƙa da ya saya ta hannu tun da daɗewa. Kwamfutar nan ta tsufa har ta gaji. Sai ka kunna ta, ka je ka dama fura, ka sha, ka dawo, ba ta gama buɗe ido ba.

Ran kasuwar Tambuwal da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Gari ya yi wani irin tsit, iska ba ta motsi, gabas ta fara duhu. Sai ga Batula ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina tana murza bakin mayafi.

"Yaya, abin nan na Malam ba ya inda yake."

"Wane abu?"

"Na'urar nan."

Na ce, "Au, Hafiza ta tafi da ita Tambuwal tun da safe, ta bi motar 'yan kasuwa. Wai za a cire mata tsohon faifan ciki a sa sabo mai sauri. Ba ta gaya miki ba?"

Tambayar banza na yi. Yaushe rabon su yi magana mai tsawo? Na ga Batula ta dafa bango, ta sulale ta zauna a ƙasa, fuskarta ta canza.

"In an cire tsohon, abin da ke cikinsa fa?"

"Ina na sani? Ke, mi ke ciki?"

Ta ci gaba da murza bakin mayafi. Wallahi na kusa jifar ta da faifan shinkafar. Na ce, "Batula, ki yi magana, ba ni da lokacin wagga kunya taku!"

Da ƙyar, kanta a ƙasa, ta ringa fito da ita guntu-guntu. Tun Hafiza na jinjira, in Mansur ya ga babu kowa sai ya rufe ƙofa ya ɗauke ta da wayarsa, yana mata wasa, yana kiran sunanta. Da ta girma ba ya iya yi a gabanta, sai ya zauna shi kaɗai ya ɗauki kansa yana mata magana. Duk abin da ya kasa faɗa mata a tsakar gida, can yake faɗi. Ran da ta yi sauka. Ran da ta yi wani ciwo mai tsanani. Har a ciwonsa na ƙarshe ya yi. Waya ta lalace ya kwashe ya mai da wata, daga baya ya tara su duka a cikin kwamfutar. To ƙannensa da ɗalibai kullum suna aron ta su kalli fim, shi kuwa gara ya mutu da wani ya ga wannan. Sai ya sami wani ɗaki a cikin faifan, wanda masu ƙera ta sunka keɓe don gyara, wanda ba ya bayyana in an kunna. Ya kwashe kayansu ya zuba nasa, ya bar sunan yadda yake, ya mai da shi ya ɓoye.

"Ya ce ran da za ta tafi karatu in sa a kai wa mai sani ya buɗe mata," in ji Batula. "Kullum ina cewa gobe. Ban san ta inda zan fara gaya mata ba."

"Akwai shi wani wuri?"

Ta girgiza kai.

Na miƙe, shinkafa ta watse, kaji sunka yi kanta. Na kira wayar Hafiza, ba ta shiga. Na sake, na hau turmi na ɗaga wayar sama kamar mahaukaciya, ko ɗigon layi babu. Mai gyaran ban san shi ba balle lambarsa. Batula ba ta da halin fita, takaba ta ɗaure ta. Motocin kasuwa duk sun tafi.

Na sami Bube ƙarƙashin dalbejiya ya jingina babur ɗinsa yana gyangyaɗi. Dattijo ne, ya daɗe yana kabu-kabu, kuma ba ya son gardama sai da ni. Da na ce Tambuwal, sai ya nuna mini gabas da haɓa.

"Hajiya Yelwa, kin ga abin can? Kuma ayari ya wuce. Wa ke bin hanyar nan shi kaɗai yanzu, ga 'yan bindiga?"

Na ce, "Ni da kai."

"Mutuwa anka yi?"

Na ce, "An yi ta farko, ta biyu nika son in tare. Tashi, Bube, don Allah."

Ya daɗe yana duban fuskata, sannan ya tofa goron bakinsa ya buga babur.

Ban taɓa ganin hanyar nan haka ba. Gero ya yi tsayi dama da hagu har ya rufe mutum, ba ka ganin komai sai zangarniya tsaye cak. Ba mai keke, ba mai jaki, ba mata masu itace. Munka wuce wata rugga, ga ƙwarya a kife, ga hayaƙi na tashi a murhu, amma ba mutum ko ɗaya. Sai na ji Bube ya ƙara wuta. Can gaba wasu shanu sunka tsaya tsakiyar hanya ba makiyayi, sunka bi mu da ido har munka ratsa su. Na ji Bube yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, ni ma na kama. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya fi cina shi ne na wani yaro da ban sani ba, zaune cikin shago da sukundireba a hannu.

Abin da ya sa ban yi shakkar maganar Batula ba, na taɓa kama shi. Hafiza na rarrafe lokacin, na shigo ɗakinsu ba sallama, na iske Mansur kwance rigingine ya ɗora ta a ƙirji, ya ɗaga waya sama, bakinsa har kunne. Yana ganina ya zabura ya dire ta a katifa kamar ɓarawon da anka kama, ya ce wai kuka take yi. Ƙarya yake, dariya take. Na yi ta tsokanarsa har ya daina gaishe ni na kwana biyu. A kan babur ɗin nan na tuna, na ce a raina, kai Mansur, Allah ya jiƙanka, amma ka cuci yarinyar nan.

Iska ta taso gaba ɗaya, geron nan ya kwanta, sai ruwa. Ba yayyafi ba, ruwa irin mai dukan fuska. Kafin mu kai wani kwazazzabo da ke yanke hanyar, ya riga ya cika ya kawo ja wur yana tafe da kara da reshe. Bube ya kashe babur.

Na ce, "Mu shiga."

Ya ce, "Ki shiga ke kaɗai, ni ina da iyali."

Munka raɓe ƙarƙashin wata tsamiya muna kallon ruwa na wucewa. Na zagi ruwan, na yi istigfari, na zagi Mansur, na sake yin istigfari. Kowane lokaci sai in ciro waya daga cikin leda in duba, babu layi. Sai da ruwan ya ja baya ya dawo iya gwiwa, wasu manoma biyu da sunka fito daga gona sunka kama mana babur ɗin anka ƙetare. Na tsallaka da zane a hannu, takalmina ɗaya ya bi ruwa. Da ƙafa ɗaya ba takalmi na shiga Tambuwal, an riga an sallame azahar.

Masu gyaran waya da kwamfuta a jere suke bayan tasha, kowa da janaretonsa da lasifikarsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar yarinya mai hijabi ruwan toka da baƙar kwamfuta. Wani ya ce in duba wurin Gazali, shi ke canjin faifai.

Tun daga ƙofa na hango ta. Tana zaune a benci, kwamfutar a cinyarta, tana murmushi. Tun rasuwar ban ga haƙoranta ba sai ran nan. Nan na san an riga an yi aikin.

"Gwaggo! Mi ya kawo ki cikin ruwan nan? Ina takalminki? Zo ki gani, kafin ki ƙifta ido ta buɗe."

Ban kula ta ba. Na dubi mai shagon, wani saurayi siriri mai tabarau, da tsabta, ga maza uku zaune suna jiran a tura musu fim a waya. Na ce, "Kai ne Gazali? Mi ka yi wa na'urar nan?"

Ya miƙe da ladabi ya ba ni kujera, na ƙi zama. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, Inna. Tsohon faifan ne ya gaji. Na sa mata sabo, irin wanda ba ya juyawa. Duk kayan marigayi na kwafe mata su, takardunsa, hotunan makaranta, ko ɗaya bai ɓata ba."

"Duka?"

"Duka. Sai dai sabon bai kai tsohon girma ba, da na zo kwafewa sai ya ƙi ɗauka. To akwai wani sashe da kamfani ke sakawa a ɓoye, na mai da kwamfuta yadda ta fito daga shago. Rikobari muke ce mishi. A tsohuwar na'ura irin wagga ba shi da wani amfani, cin wuri kawai yake. Kullum muna cire shi. Da anka cire shi sai komai ya shiga daidai."

Na ce, "Ka buɗe ka ga abin da ke ciki?"

"Ba a buɗe shi, Inna, kayan kamfani ne. Na dai ga ya fi yadda na saba gani girma, shi ya sa ma na tambaye ta." Ya dubi Hafiza. "Ko ba haka ba, ƙanwata?"

Hafiza ta ce, "Ya tambaye ni ko Baba ya taɓa cewa ya ajiye wani abu nawa a ciki. Na ce babu." Ta ɗan yi dariya marar daɗi. "Mi Baba zai ajiye mini?"

Gazali ya ce, "Kuma ni ƙa'idata, ban goge wa mutum abu da hannuna. An taɓa ja mini magana. Sai in shirya komai in juya wa mai kaya, shi zai danna. Ita ta danna da kanta."

Da yatsanta. Na dubi yatsan nan, da ɗan jan lalle da ya kusa fita.

Na ce, "Ina tsohon faifan?"

Ya nuna mini teburi. Ga shi nan tsirara, ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, an jona shi da wata igiya zuwa babbar kwamfutar shagon, wata 'yar fitila na ƙifta ido a jikinsa. A fuskar babbar kwamfutar wani koren layi yana tafiya a hankali, ya wuce rabi.

"Musanye munka yi," in ji shi. "Ta bar mini tsohon. Na wanke shi, yanzu finafinai da waƙoƙi nika zuba mishi na masu turi."

"Wannan koren fa?"

"Shi ne abin da ya shiga."

"A kan na da?"

Ya buɗe baki zai yi bayani. Ban san lokacin da na yi kururuwa ba. "Tsai da shi! Tsai da shi, don girman Allah!" Mazan nan sunka zabura, ɗaya ya yar da wayarsa. Gazali ya danna wani abu da sauri, koren layin ya tsaya.

Hafiza ta riƙo hannuna. "Gwaggo, lafiya? Mi ke faruwa?"

Batula ta yi shekara da shekaru ta kasa faɗi, Mansur ya shiga kabari da ita. Ni na faɗe ta a tsaye, cikin shagon mutane, a gaban ƙattai uku da ban sani ba, zanena na ɗigar ruwa. Na ce, "Ubanki ne a ciki. Tun kina jinjira yake ɗaukar kansa yana miki magana, yana kiran sunanki. Nan ya ɓoye don kada a gani. Ya ce a buɗe miki ran da za ki tafi."

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta dubi faifan, ta dubi hannunta, ta sa hannun cikin hijabi ta ɓoye shi.

Mazan nan sunka sulale ɗaya bayan ɗaya. Gazali ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Innalillahi." Na so in ci mutuncinsa, bakina ya cika, amma mi zan ce? Ya tambaya. Ya yi abin da yake yi kullum. Sai na ce, "Ana iya dawo da shi?"

Ya ce, "In an goge kawai, sau da yawa ana samu. Abin yana nan, sunansa ne anka cire. Amma inda sabo ya hau kai, ya tafi." Ya dubi koren layin. "Ban san ta ina ya bi ba. Bari in gwada."

Ya kashe waƙar da ke tashi a lasifika, ya ja ƙofar shagon rabi. Ya buɗe wani abu da ya ce yana bin faifan lungu-lungu yana tsintar abin da ya rage. Shi ma da nasa layin, shuɗi, kuma ya fi koren jinkiri. Munka zauna. Muna jin ƙarar janareto da ɗigar ruwa daga kwano. Bube ya leƙo ya ce hadari na sake haɗuwa, na ce ya nemi wurin kwana, yau ba mu komawa. Janareton ya fara tari, wutar ta yi ƙasa, na ga Gazali ya fita a guje da galan. Hafiza ba ta motsa ba, idonta na kan shuɗin layin.

Anka kira la'asar, munka yi a bayan shagon, munka dawo, bai gama ba. Da ya gama, sai ga abubuwa sun jeru rututu, ba suna, sai lambobi. Zuciyata ta ɗan kwanta, na ce, "Ga su nan da yawa!"

Gazali ya buɗe na farko, baƙi ƙirin. Na biyu ya ƙi buɗewa. Na uku wata 'yar fim ce ta juyo tana rawa, rabin fuskarta kore, ta tsaya. Ya yi ta buɗewa. Toka-toka. Baƙi. Guntun waƙa. Wani ya nuna gefen katifa da ƙafar jariri, ƙafa kawai, kafin ka ce mi ya dagule. Na ji Hafiza ta ja numfashi. Ya sake buɗe shi, ƙafar dai, sannan ba komai.

Sun kusa ƙarewa, na riga na fid da rai, sai ga Mansur.

Yana zaune bakin gadonsa da farar singileti da hular nan tasa ruwan ƙasa. Na bana ne, don ya rame. Daga ƙirjinsa zuwa ƙasa duk ya farfashe, amma fuskar na nan sarai. Ya miƙo hannu ya gyara abin ɗaukar, ya waiga wajen ƙofa ya tabbata a rufe take, sannan ya juyo ya dube mu. Ido cikin ido. Yarinyar nan tunda ta yi wayo bai taɓa duban ta haka ba. Ya yi murmushi, irin wanda na kama shi yana yi shekarun baya. Bakinsa ya motsa. Sai hoton ya tsaya, ya rikiɗe kore.

Hafiza ta ce, "Ƙara murya."

Gazali ya mai da shi farko, ya ƙara. Ba komai.

"Ƙara."

Ya jona da manyan lasifikan nan nasa na bakin ƙofa, waɗanda ake ji har tasha, ya murɗa har ƙarshe. Mansur ya gyara abin ɗaukar, ya waiga, ya juyo, ya yi murmushi, bakinsa ya motsa. Lasifikan sunka yi ta huci, shuuu, har maƙwabcin shago ya leƙo.

Gazali ya rage. Ya ce a hankali, "Hoton ne ya tsira. Muryar an hau kanta."

"Ba wata dabara?"

"Wallahi da akwai da na yi. Ko birni kunka kai shi, abin da za su samu ke nan."

Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce ya sake. Leɓen nan ya buɗe, haƙora sunka taɓa leɓen ƙasa, ya sake buɗewa. Ko makaho ya san abin da ya ce.

"Gwaggo, mi yake cewa?"

Na ce, "Sunanki ne, ɗiyata. Hafiza ya ce."

Ta ce, "Na gani." Ta sake duban gilashin. "Ban ji ba."

Nan ne na kasa. Na toshe baki da mayafi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ran da anka fita da gawarsa.

Gazali ya zuba mata guntun a sabon faifan, da na ƙafar jaririn. Ya cire tsohon daga igiya ya naɗe a takarda ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce nata ne. Munka kwana gidan wata ƙawata. Da safe munka bi ayari, hanya cike da mutane kamar ba ita ce ta jiya ba. Hafiza ta rungume jakar a ƙirji har Kebbe.

Batula na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, da alama tun asuba take nan. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafata da takalmin aro, ta gane. Hafiza ta gaishe ta, ta tsaya tsakar gida da jaka a hannu, ba ta shiga ɗaki ba. Ban taɓa ganin ta tsaya haka a gaban uwarta ba. Jira take.

Na matsa kusa da Batula na ce, "Nasa ya tafi. Saura ke, kuma ke da ranki. Ki kira ta. Yanzu, ina tsaye."

Ta ɗago ido ta dubi ɗiyarta. Hawaye na zuba har haɓa. Ta buɗe baki, na ga ta ja numfashi. Gidan ya yi tsit, har Abdu da ke wasa a zaure ya tsaya.

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Yaya, ki ce mata ruwan wanka na nan bayan ɗaki, na ɗuma mata."